An rufe ƙofar Ɗan Issa, shanu sun bi ta bayan gari

Ina da wani littafi mai baƙin bango da nake rubuta aikina na kullum a ciki tun da na fara aikin malamin dabbobi: garken wane na duba, shanu nawa, awaki da tumaki nawa, wace allura aka yi musu, daga ina suka taso, ina suka nufa. In ka buɗe shafukan ƙarshen watan Maris na 2020 har zuwa faɗuwar damina, sai ka ce makiyayan da ke bi ta Ɗan Issa duk sun bar duniya. Gurbin da nake rubuta garken da ya ƙetara iyaka fayau yake. Amma duk wanda ya hau babur da sassafe a wancan lokaci ya fita gabas ko yamma da gari, ya ga abin da na gani: sawun kofato sabo, kashin shanu ko bushewa bai yi ba, ya ratsa gonaki ya nufi kudu ko ya fito daga can. Garkunan sun ƙetara abinsu, littafina ne bai gan su ba.

Abin da nake son in faɗa ke nan a wannan rubutu. A iyaka irin tamu, rufe ƙofa saboda annoba ba ya tsayar da tafiyar makiyayi. Yana sauya masa hanya ne, ya raba shi da wuri ɗaya tak da ake duba lafiyarsa da ta dabbarsa. In wata annoba ta sake zuwa, kuma za ta zo, ra'ayina shi ne a bar wa garke ƙofa a buɗe, a tsaya a bakinta da ma'aikatan lafiya.

Ga wanda bai san wurin ba, Ɗan Issa ita ce tashar ƙarshe a kan titin da ya taso daga Maraɗi ya nufi Katsina. In ka wuce mu sai Magama da Jibiya. Mutanen nan da na can dangi ne, ana auratayya, ana cin kasuwa ɗaya, naira da sefa duk suna aljihun mutum guda. Kafin korona ta zo ma ƙofar ta riga ta sha kwaɗo ɗaya, domin a watan Agusta na 2019 gwamnatin Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin Najeriya na ƙasa saboda fasa-ƙwaurin shinkafa da sauransu, a watan Nuwamba kuma aka hana kai fetur gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Muna cikin wannan sai shugaba Issoufou Mahamadou ya yi jawabi ranar 17 ga Maris na 2020, ya ce daga tsakar daren 19 ga wata an rufe filayen jirgin sama na Yamai da Damagaram da dukan iyakokin ƙasa na tsawon mako biyu, wanda ana iya sabuntawa, ban da jigilar kaya. An rufe makarantu, an hana taron da ya wuce mutum 50. Ranar 19 ga watan aka tabbatar da mutum na farko mai cutar a Nijar. Ranar 23 Najeriya ita ma ta hana mutane shige da fice ta ƙasa. Kwaɗo biyu ke nan a ƙofa ɗaya, kowanne mabuɗinsa na hannun wata gwamnati daban.

Mako biyun nan shi ya zama wata goma sha biyar. Jiragen sama sun koma tashi tun 1 ga Agusta na 2020, amma iyakokin Nijar na ƙasa sai 17 ga Yuni na 2021 aka buɗe su. Najeriya ta buɗe Illela da Maigatari a Disamba na 2020, ƙofar Jibiya kuwa sai Afrilu na 2022. Wato mai kuɗin jirgi ya samu hanya kusan shekara guda kafin mai tafiya a ƙasa da sanda a kafaɗa.

Ba na cikin masu cewa korona ƙarya ce, kuma ba na zargin wanda ya yanke hukuncin farko. A watan Maris ɗin nan kowa ya ga hotunan asibitocin Italiya, kuma kowa ya san gadajen da muke da su da iskar numfashin da muke da ita ba za su ɗauki irin wancan ba. A watan Afrilu labarin mace-macen Kano ya iso mana ta bakin direbobi kafin ya iso ta rediyo. A farkon watan Mayu cutar ta kashe ministan ƙwadago na ƙasar nan, Mohamed Ben Omar. Da ni ne a kujerar, wataƙila da na rufe na mako biyu don in samu sararin shiri. Inda na saɓa shi ne abin da ya biyo baya, da aka yi ta sabunta dokar wata bayan wata yadda take, ba a tsaya an tambayi wa take kamawa ba, wa kuma take kai wa daji.

Dubi kalmar nan "ban da jigilar kaya". Wanda ya rubuta ta yana tunanin babbar mota ce da direba da yaronsa. Saniyar da ke cikin mota kaya ce. Saniyar da ke tafiya da ƙafarta kuwa, da makiyayi a gaba, da matarsa da ƴaƴansa da jakuna ɗauke da ƙore a baya, wane suna za a ba ta? Jami'in da ke bakin shinge ba shi da takardar da ta gaya masa. Abin da ya gani shi ne mutane, kuma an ce kada mutum ya wuce, don haka ya ce a koma. Ba laifinsa ba ne. Dokar ce ba ta san akwai dukiyar da ba ta motsi sai da mai ita ba, alhali dokar kiwo ta ƙasar nan, ta watan Mayu na 2010, ta ce yawon kiwo haƙƙi ne na makiyayi wanda gwamnati ta amince da shi kuma ta lamunce.

Sannan lokacin da abin ya faɗo shi ne mafi muni a shekarar makiyayi. Bayan an kawar da amfanin gona, garkunan da suka yi damina a arewa, wajen Dakoro da Bermo da kwarin Tarka, suna gangarowa kudu su ci kara da harawa. Wasu su tsaya a nan cikin Madarunfa, wajen tabki da gulbi da dajin Baban Rafi, wasu su zarce Najeriya. In bazara ta yi, hadari ya fara haɗuwa a kudu, dole su juyo, saboda manomi zai yi shuka kuma ba a zama da garke a tsakiyar shuka. Maris da Afrilu da Mayu su ne watannin da ciyawa ta ƙare, rijiya ta ja baya, saniya ta rame har kana ƙidaya haƙarƙarinta. A daidai nan aka ce kowa ya tsaya inda yake. Wanda ke can ba shi da izinin dawowa, wanda ke nan yana neman ciyawar farko ta kudu ba shi da izinin tafiya. Mutum yana iya zama cikin ɗaki mako biyu in akwai hatsi a rumbu. Garken shanu ba ya kwana biyu babu ruwa a zafin Afrilu.

To me ya faru? Abu biyu, kuma duka biyun abin tsoro ne ga mai aikina. Masu bin doka suka taru a ƴan wuraren da ruwa ya rage kusa da iyaka suna jira, garke kan garke, a rijiya ɗaya da kwami ɗaya. Waɗanda suka gaji da jira suka bi ta daji da dare. Iyakar Nijar da Najeriya ta kai kimanin kilomita 1,500, yawancinta gonaki ne da saura da yashi. Ƴan kabu-kabu ma sun san hanyoyin, balle garso wanda kakansa ya bi su.

Bari in bayyana dalilin da ya sa cunkoso ke tayar mana da hankali. Ciwon huhu na shanu ta numfashi yake yaɗuwa, in dabba ta yi tari kusa da ƴar'uwarta. Yana iya ɓoyewa a jiki makonni, wani lokaci watanni, kafin ya nuna. Wadda ta warke ma sau da yawa tana riƙe da ƙwayar cutar a wani ƙulli cikin huhunta, tana yawo da ita kamar lafiya lau, sai wahala da yunwa sun kama ta ƙullin ya fashe. Allurar rigakafinsa ba ta wuce kimanin shekara guda tana kariya, shi ya sa ake maimaita ta kowace shekara. Annobar awaki da tumaki, wadda muke kira PPR a takarda, ta fi shi sauri: kwana huɗu zuwa shida sai ka ga zazzaɓi, majina, ƙwantsa ta liƙe ido, gyambo a baki, zawo, sannan mutuwa. Allurarta tana daɗewa, amma garken awaki yana sabunta kansa da sauri. Ƴaƴan da aka haifa bayan zagayen rigakafi duk ba su da kariya da zarar ta nonon uwa ta ƙare. In ka tara dabbobi ramammu daga wurare goma a mashaya ɗaya na tsawon wata, ka haɗa wa waɗannan cututtuka biyu duk abin da suke buƙata. Abin da likitocin mutane ke gudu a masallaci da kasuwa, shi muka haɗa da hannunmu a bakin rijiya.

Akwai wani dattijo, garso ne, da na daɗe ina yi wa garkensa allura. A ƙarshen Maris ya zo mini neman takardar ƙetarawa. Na ce masa, "Baffa, ku yi haƙuri, babu hali yanzu. Mako biyu ne aka ce, ku ɗan dakata." Ya dube ni ya ce to, ya tafi. Ban tambaye shi inda zai dakata ba, ban karɓi lambar wani a cikin yaransa ba, kuma wannan kuskurena ne. Sai bayan kusan wata biyu aka buga mini waya da dare, aka kwatanta mini wani wuri a daji. Da na isa da asuba na tarar da garkuna uku a haɗe. Shanu da dama suna tsaye sun ware ƙafafun gaba, sun miƙe wuya, suna nishi da kowane numfashi. Wadda aka yanka kafin in zo na duba ƙirjinta: huhu ya manne da haƙarƙari, ruwa rawaya ya cika kogon, in ka yanka huhun ka ga zane-zane kamar an shimfiɗa jijiyoyi a cikinsa. Duk wanda ya taɓa ganin ciwon huhu sau ɗaya ba ya mance shi. A gefen bukka ga kwalaben oksitetrasiklin na kasuwa an zubar, babu ko ɗaya da aka yi bisa nauyin dabba.

Na ce, "Baffa, me ya hana ku kira ni tun da ta farko ta fara tari?"

Ya ce, "Likita, in mun kira ka ai mun gaya wa hukuma inda muke. Mun shiga, mun fito, ba takarda. Ka ce mu yi yaya?"

Ba ni da amsar da zan ba shi a ranar. Mutumin da shekara da shekaru yake kawo mini labarin cuta tun kafin ta bazu, doka ta mai da shi mai ɓuya, ni kuma ta mai da ni wanda ake ɓoye wa. Duk tsarin sa ido kan cututtukan dabbobi a ƙasar nan, daga mataimakan kiwo na ƙauye zuwa likitoci masu zaman kansu har zuwa LABOCEL a Yamai, a kan abu ɗaya yake tsaye: makiyayi ya yarda ya faɗa. Ba mu da na'urar da ke hango saniya mai tari a cikin daji. Kuma wannan maganin kasuwa da suka yi ta dirka wa shanun, yana kwantar da alamun ciwo, dabba ta miƙe ta bi garke, ta kai cutar arewa inda za a haɗu da dubban shanu a damina.

Sauran wahalhalun aikin ba zan daɗe a kansu ba. Tun daga ƙarshen Maris zuwa tsakiyar Mayu an killace Yamai, motocin fasinjan da muka saba ba wa saƙon samfur a akwatin sanyi ba sa shiga, kuma tsakaninmu da can ya fi kilomita 600. Fetur na babur ya yi tsada. Hana taro ya sa tara garkuna a shingen allura ya zama abin ɗari-ɗari, alhali allurar PPR in an haɗa ta da ruwanta sa'o'i kaɗan take yi ta lalace, don haka kwalba mai allura ɗari ba ta son a bi gida-gida da ita a rana tsaka. Dusar alkama da angurya, waɗanda da yawansu daga Najeriya suke shigo mana, suka hau, a lokacin da farashin dabba ya faɗi saboda an kulle Kano, an hana zirga-zirga tsakanin jihohin Najeriya, naira kuma ta karye. Matan da ke turke rago ɗaya ko biyu don Babbar Salla, wadda ta faɗo ƙarshen Yuli a shekarar, sun ciyar da tsada sun sayar da araha. Na san gidajen da ragon nan shi ne kuɗin hatsin tsakiyar damina.

Wani zai ce, to ai duk wannan asarar dabba ce, ana maganar ran ɗan Adam. Amsata ita ce ko ta fuskar ran ɗan Adam ɗin, rufewar ba ta ba mu abin da aka nema ba. Mutumin da ya bi ta ƙofa ana iya auna zafin jikinsa, a ba shi ruwa da sabulu, a rubuta sunansa da inda za shi, a gaya masa alamun cuta da harshensa. Wanda ya bi ta gona babu wanda ya gan shi. A watan Afrilun 2020 ɗin nan, iyaka na rufe, Hukumar Kula da Ƴan Gudun Hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce mutum kimanin 23,000 sun tsero daga hare-haren ƴan bindiga a arewa maso yammacin Najeriya sun shigo jihar Maraɗi, kuma an karɓe su, yadda ya kamata. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa iyakar a takarda take rufe.

Kuma mu a Madarunfa mun taɓa ganin ɗaya hanyar. A watan Yuli na 2018 kwalara ta ɓarke a gundumar nan. Mutum uku na farko ƴan gida ɗaya ne daga Jibiya, suka ƙetaro neman magani a wata cibiyar lafiya ta wannan gefen. Cutar ta kama mutum fiye da 3,000 a ƙasar kafin ta lafa, yawancinsu a jihar Maraɗi. Ba a rufe iyaka ba, Hukumar Lafiya ta Duniya ma ba ta ba da shawarar a hana tafiya ko ciniki ba. An kafa wuraren jinya, an sa magani a ruwa, an bi gida-gida. Na san kwalara ta ruwa da ƙazanta ce, korona ta iska ce, ba ɗaya suke ba. Abin lura shi ne yadda aka gano ta: marasa lafiyar sun zo da ƙafarsu wurin da ake rubuta suna, saboda ba su ji tsoron zuwa ba. Da a ce ƙetarowarsu laifi ce, da a wani ɗaki za a ɓoye su har abin ya fi ƙarfin kowa.

Kada a ɗauka malamin dabbobi ba ya son a tsayar da tafiya. Mu ne ma muka fi kowa yin haka. In ciwon saifa ko na baki da kofato ya ɓulla, mukan ce garken nan kada ya motsa, kasuwar nan a dakatar da ita. Amma a makaranta an koya mana sharuɗɗansa, kuma aiki ya tabbatar mini da su. Ana killace wurin da cutar take ne, ba ƙasa duka ba. Ana faɗin ranar da za a sake, gwargwadon kwanakin da cutar ke ɗauka kafin ta nuna. Ana tabbatar da ruwa da abinci ga abin da aka tsare, in ba haka ba mai shi zai sulale da dare, kuma da gaskiyarsa. Sannan ana yin wani abu a cikin kwanakin, allura ce ko gwaji, ba zaman jira kawai ba. Ka auna rufewar wata goma sha biyar da waɗannan, ka ga ko ɗaya ba ta cika ba. Dokokin lafiya na duniya na 2005, waɗanda Nijar da Najeriya duk suna ciki, su ma sun ce kada matakin da ƙasa za ta ɗauka ya fi takura wa zirga-zirga a kan wani matakin da zai ba da kariya daidai da shi. Ko Ingila, da ta sa Najeriya cikin jerin ƙasashen da ta hana shiga a farkon Disamba na 2021 saboda nau'in Omicron, cikin kwana goma ta janye, da ta ga cutar ta riga ta bazu a cikin gidanta.

Tsofaffin ma'aikatanmu suna ba da labarin bushiya, annobar da ta share shanun Afirka a shekarun 1890, ta sake dawowa da ƙarfi a farkon shekarun 1980. An ayyana kawar da ita daga duniya a 2011. Ba da hana yawon kiwo aka ci ta ba. Tun daga gangamin haɗin gwiwa da aka fara a 1962 tsakanin Nijar da Najeriya da Cadi da Kamaru, bin garkuna aka yi inda suke, a burtali da mashaya da bakin iyaka, ana allura ana sa alama a kunne. Yanzu duniya ta sa wa kanta 2030 don kawar da PPR. Duk shekarar da garkunan kan iyaka suka ɓace daga littattafanmu, wannan ranar tana ƙara nisa.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne kayan aikin suna nan tun kafin korona. Tun 1998 ƙasashen CEDEAO suka amince da takardar shaidar yawon kiwo ta ƙasa da ƙasa. A cikinta ana rubuta yawan dabbobi da irinsu, allurar da aka yi musu, hanyar da za su bi, ƙofar da za su ƙetara, da inda za su sauka. Me zai hana a lokacin annoba a ƙara mata shafi ɗaya na mutanen da ke tare da garken, da ranar da ma'aikacin lafiya ya duba su? A 2017 jihar Maraɗi da jihar Katsina sun sa hannu a kan yarjejeniyar tsara yawon kiwo a tsakaninsu. Ga ƙungiyoyin makiyaya irin su AREN da Billital Maroobe, waɗanda a cikin kullen ma suka riƙa tattara labarin inda garkuna suka maƙale ta wayar salula. Da an zaunar da waɗannan a watan Afrilu, an ware ranaku biyu a mako da burtali ɗaya ko biyu, an sa malamin asibiti da malamin dabbobi a rumfa ɗaya, da an ga mutanen, an ga dabbobin, kuma da dattijon nan bai kwana a daji yana ɓoye mini shanunsa ba. A 2016, da zazzaɓin Rift ya kashe mutum fiye da 30 a wajen Cintabaradan da Tasara a jihar Tawa, kowa ya yarda cewa lafiyar mutum da ta dabba abu ɗaya ne, an yi ta taro a kai. Da korona ta zo, ba na jin an tuna da wannan a bakin iyaka.

Na san abin da za a ce, kuma akwai gaskiya a ciki. Makiyaya da yawa ko a lokacin lafiya ba sa karɓar takardar nan. Wasu suna ganin ƙidaya dabba hanyar haraji ce, wasu sun gaji da abin da ake karɓa a hanya ko da takarda ko babu, wasu kuma burtalin da aka rubuta musu an noma shi. Sannan ga matsalar tsaro. Satar shanu da garkuwa da mutane sun addabi dajin da ke tsakaninmu da Katsina da Zamfara, har a ƙarshen Agusta na 2021 gwamnatin Katsina ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwanni da dama, har da ta Jibiya, ta rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure. Mai tsaro zai ce buɗe wa garke hanya buɗe wa ɓarawon shanu ne. Ni a ganina ɓarawo bai taɓa buƙatar ƙofa ba. Mai dabbar halal ne ke son a rubuta shi, domin takardar ita ce shaidarsa in an tare shi. In ka rufe ƙofa ka tura su duka hanya ɗaya cikin dare, ka hana kanka bambance su, ka kuma miƙa mai gaskiyar ga ƴan bindiga.

Game da ƙin karɓar takarda kuwa, maganinsa a sa ta zama mai amfani ga mai ita. In makiyayi ya san cewa a ƙofa zai samu allura kyauta, da ruwa, da dusa a farashi mai sauƙi lokacin bazara, kuma takardar da aka buga wa hatimi a Ɗan Issa za a girmama ta a Magama ba tare da ya sa hannu a aljihu ba, zai zo da kansa. Na ga haka a shekarun da zagayen rigakafi ya zo a kan kari: tun kafin mu gama kafa shinge garkuna sun yi layi.

Don haka roƙona ga ma'aikatar kiwo da ta lafiya, da hukumomin Maraɗi da Katsina, da ƙungiyoyin da ke ba da kuɗin ayyukan nan, shi ne a rubuta wannan tsari yanzu da hankali ke kwance. Ba littafi ake buƙata ba, shafi biyu sun isa: in an rufe iyaka saboda annoba, garke mai tafiya da ƙafa da masu kiwonsa suna cikin abin da aka keɓe, ga ƙofofin da za su bi, ga wanda zai duba su, ga wanda zai sake nazarin dokar bayan kowane mako biyu tare da wakilan makiyaya. A fassara shi da Hausa da Fulatanci da Tamashek, a karanta a gidajen rediyon karkara, a ba kowane jami'in shinge kwafinsa a hannu, na wannan gefen da na wancan. A sa ma'aikatan lafiyar dabbobi da allurarsu da samfurinsu cikin masu izinin wucewa tun ranar farko.

Dattijon nan ya dawo wurina bayan an buɗe. Garkensa ya ragu, kuma biyu daga cikin yaransa sun bar kiwo sun tafi aikin ƙarfi a Maraɗi. Na cika masa takarda, na rubuta shi a littafina, wannan karon har da lambar wayar babban ɗansa da sunan rijiyar da suke sauka in an tsayar da su. Da zai tafi ya ninke takardar ya sa a jakar fatar da ke wuyansa, ya tambaye ni ko in aka sake rufewa wannan za ta yi aiki. Na ce masa a yadda doka take a yau, ba za ta yi ba, amma ya kira ni duk inda yake.